Ruwan Rijiya da Sunan Gari: Tarihin Farar Giyar Ingila

Giya haramun ce ga Musulmi, wannan kuwa ba abin gardama ba ne. Amma mai nazarin tarihin sana'o'i ba ya tsallake wata sana'a don kawai ba ya amfani da abin da ta ke fitarwa, balle in akwai darasi a cikinta. Tambayar da wannan takarda za ta bi ita ce: me ke sa abin da aka yi a wani gari ya bambanta da na wani gari, in kuma an gano asirin, me zai rage wa garin? Tarihin giyar da Turawan Ingila ke kira Pale Ale, wadda za mu kira farar giya, ya ba da amsa a fili.

Da abu huɗu a ke yin giyar Turawa. Akwai ruwa, da yisti, da sha'ir wanda aka jiƙa ya tsira aka busar, kamar yadda masu burukutu ke yi wa dawa, sa'an nan da furen wata shuka mai yaɗo da a ke kira hof, wanda ke ba da ɗaci da ƙanshi, ya kuma hana giya lalacewa da wuri. A zamanin da, da wutar itace ko ta ciyawa a ke busar da tsiron sha'ir, sabo da haka ya kan yi duhu, ya ɗauki warin hayaƙi. A cikin ƙarni na 17 aka soma busar da shi da gawayin kwal, wanda ba shi da hayaƙi, sai tsiron ya fito da haske, giyar ta yi launin zuma. Wannan ne asalin sunan.

Garin da ya yi suna da ita shi ne Burton, a bakin kogin Trent, a tsakiyar Ingila. Ba da ruwan kogin su ke aiki ba, da na rijiyoyi ne, waɗanda ke ratsa wani farin dutse mai laushi da a ke kira jibsam. Gishirin wannan dutse ya kan sa giya ta kwanta ta yi garau, ɗacin hof ya fito sosai, har a ji ɗan warin farar wuta in an buɗe ganga. Ruwan Landan kuwa alli ya yi masa yawa, shi ya sa ya fi dacewa da baƙar giya. Mutanen Burton sun daɗe suna cin moriyar rijiyoyinsu ba tare da sun san dalili ba.

Da fari ma giya mai duhu da zaƙi su ke yi. Tun da aka gyara kogin Trent jirage suka iya bi a 1712, sai suka riƙa kai ta tashar Hull, daga nan zuwa Rasha da ƙasashen bakin tekun Baltik. Cikin wannan ciniki William Bass ya kafa gidansa a 1777. Yaƙe-yaƙen Napoliyon suka toshe hanyar tun daga 1806, sa'an nan a 1822 Rasha ta ɗora wa giyar kuɗin fito mai nauyi, kasuwa ta mutu.

A wannan shekara ce wani babba a Kamfanin Indiya ta Gabas, Campbell Marjoribanks, ya ba Samuel Allsopp na Burton shawara ya gwada kasuwar Indiya. Gidan Hodgson na unguwar Bow a Landan shi ke riƙe da wannan ciniki, da wata farar giya mai yawan hof, amma ya ɓata da 'yan kasuwar. Allsopp ya kwaikwayi giyar, ruwan Burton ya sa tasa ta fi ta Landan kyau, ya aika da kayan farko a 1823. Tafiyar wata huɗu zuwa shida ce, a kewaye kudancin Afirka, cikin zafi da jijjiga, giyar ta kan isa ta nuna. An sha faɗin cewa don Indiya aka ƙago irin wannan giya domin sauran ba su jure tafiyar, amma wannan ƙari ne, gama baƙar giya ma an yi ta kai wa sojan Ingila a can.

Abin da ya ɗaukaka Burton ƙwarai kasuwar gida ce. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1839, aka soke harajin gilashi a 1845, sai kofin gilashi ya yi araha, mutane suka soma ganin abin da su ke sha, giya mai haske ta sami farin jini. Da aka buɗe tashar jirgi ta St Pancras a Landan a 1868, da tsawon gangar giyar Burton aka auna tazarar ginshiƙan ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashinta. Ja mai kusurwa uku na Bass shi ne tambarin ciniki na farko da aka yi wa rajista a Ingila, ran 1 ga Janairu 1876. A 1877 gidan Bass ya fi kowane gidan giya girma a duniya, yana fitar da ganga wajen miliyan ɗaya a shekara. Manyan gidajen kudu suka ga ba makawa sai su bi ruwan: Ind Coope ya buɗe reshe a Burton a 1856, Truman a 1873. Aka wayi gari akwai gidajen dafa giya fiye da 30 a garin.

To, a nan ne labari ya juya. Wajen 1880 masana kimiyya suka auna ruwan Burton, suka gane gishirin da ke ciki, suka nuna cewa kowa na iya zuba jibsam a ruwan garinsu ya sami irinsa. Abin da a da sai an tashi an koma Burton, ya zama abin saye a buhu. Haraji ya biyo baya: a 1880 Gladstone ya mai da shi kan ƙarfin giya, Yaƙin Duniya na Farko kuma ya ninka shi, giya ta yi ta raguwa da ƙarfi. Duk da haka bambanci bai ƙare ba, domin kowane yanki na da yistinsa da kayan aikinsa. A Burton a kan jera ganguna a haɗa su da bututu, yisti ya riƙa tumbatsa zuwa wani kwami a sama. A Yorkshire kuwa cikin kwamin dutse mai kusurwa huɗu a ke barin giya ta tashi.

Daga 1960 manyan kamfanoni suka shiga haɗiye ƙanana, har shida kaɗai suka mallaki mafi yawan kasuwa, suna sayar da giyar da aka tace aka dafa, mai ɗanɗano ɗaya ko'ina. A 1971 mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare giyar gargajiya ta cikin ganga. A 2002 gwamnati ta rage wa ƙananan gidaje haraji, suka yi ta ƙaruwa.

Amma sabon ɗanɗano daga Amurka ya fito. A can hanin giya na 1920 zuwa 1933 da haɗiyar kamfanoni sun bar gidaje ƙasa da 100 a wajen 1978. A 1972 aka fitar da wani sabon irin hof a jihar Oregon mai suna Cascade, wanda gidan Anchor na San Francisco ya yi amfani da shi a 1975. A 1978 Shugaba Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida, daga cikin masu wannan sha'awa kuwa Ken Grossman da Paul Camusi suka kafa Sierra Nevada a Kalifoniya, suka soma aiki a 1980. Zuwa 2022 gidajen Amurka sun haura 9,000.

Sabo da haka masu ɗanɗano in sun jera farar giya ta yankuna dabam-dabam, tarihi su ke karantawa da harshe. Ta Ingila, mai hof irin Goldings da Fuggle, zaƙin sha'ir da ɗaci sun yi daidai, ƙanshinta na ƙasa da ganye ne. Ta yammacin Amurka garau ta ke, ɗacinta ya fi, tana ƙanshin ɓawon lemo da ƙaron itace. Ta Vermont, a arewa maso gabas, gauraye ta ke ba a gani ta cikinta, ɗacinta kaɗan, ƙanshinta na mangwaro. Sai dai a lura: hof busasshe ne, ana aika shi ko'ina, ruwa kuma ana gyara shi. Ƙaramin gida a Ingila na iya yin giya irin ta Kalifoniya. Watau sunan yanki yanzu ya fi nuna inda aka ƙago salo, bai cika nuna inda aka dafa ba.

Burton kuwa har yanzu ana dafa giya a cikinta, amma gidan Bass ya fita hannun 'yan ƙasa a 2000, gidan tarihin sana'ar da ke garin ya rufe a 2022, a 2024 kuma gidan Marston's ya daina aiki da jerin gangunan nan. Wani ƙaramin gida a Derbyshire, Thornbridge, shi ya karɓi jeri ɗaya ya ci gaba da shi.

Darasin da ke nan ya shafi kowace sana'a da a ke kira da sunan gari. Baiwar da ke cikin ƙasa, ran da masana suka auna ta, ta zama ta kowa. Abin da ba ya shiga buhu shi ne sanin hannu, da kayan aiki, da masu saye waɗanda suka san bambanci har su ka neme shi. Wanda ya ke so ya rubuta tarihin sana'a, sai ya fara tambayar waɗannan tun masu su suna raye.