Tattoos & Scars

Tattoos & Scars shi ne faifan waƙoƙi na farko na Montgomery Gentry, wato mawaƙan Amurka guda biyu, Eddie Montgomery da Troy Gentry, 'yan jihar Kentucky. Kamfanin Columbia ne ya fitar da shi a watan Afrilun 1999, Joe Scaife kuma shi ne ya tsara sautinsa.

Faifan ya gauraya kiɗan karkarar Amurka da ake kira kantiri da salon rok na kudancin ƙasar, mai amon jitar lantarki da dukan ganga mai ƙarfi. Jigonsa rayuwar masu ci da guminsu ce: manoma, 'yan ƙwadago da mazauna ƙauye. Mawaƙan suna kambama mai aikin ƙarfi kamar yadda makaɗan noma ke zuga manoma a karkara. Waƙar "Daddy Won't Sell the Farm" labarin wani manomi ce da ya kafe ya ƙi sayar da gonarsa, duk da gine-ginen birni sun yi mata ƙawanya. Sauran fitattun waƙoƙin sun haɗa da "Hillbilly Shoes", "Lonely and Gone" da "All Night Long", wadda suka rera tare da mawaƙi Charlie Daniels.

An sayar da faifan har kwafi miliyan ɗaya a Amurka. A 2000 ƙungiyar kiɗan kantiri ta CMA ta ba Montgomery Gentry lambar gwanayen mawaƙa biyu na shekara. Gentry ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a jihar New Jersey ranar 8 ga Satumba, 2017.