Ruwan jami'a: wanda ake sha da wanda ake zubarwa

Lokacin komawa karatu ya yi, yaranmu da suka ci bak sun fara ɗaure kaya zuwa Damagaram. Mun lura uwaye na tambayar ɗaki da abinci da kuɗin mota. Zancen ruwa sai yaro ya je ya gani da idonsa.

To, matsalar ruwa a Damagaram ta girmi jami'ar nesa ba kusa ba. Garin bisa dutse yake zaune, ba kamar mu nan ƙasar Korama ba da ruwa ke kusa har muna noman rake. Turawan Faransa sun mai da Zinder babban birni a 1911, amma a 1926 suka kwashe zuwa Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa. Tun daga nan garin da ruwan nesa yake rayuwa: Gogo-Macaya, Arunguza, daga baya Ganaram. Kamfanin ma ya sha sauya suna, daga SNE zuwa SEEN a 2001, yanzu NDE tun 2024. Bido mai ruwan ɗorawa da ƴan ga-ruwa dai suna nan. A cikin wannan hali aka kafa jami'ar Zinder a 2010, wadda yau ke ɗauke da sunan André Salifou. Kowane ɗalibi da ya ƙaru, bakin sha ne ya ƙaru, da wanka, da wanki, da ban-ɗaki.

Kuma kada a ce in pompo ya kawo shi ke nan. Ku tuna Tibirin Gobir. Foraj ne na hukuma, tun wajen tsakiyar shekarun 1980, ruwa garau ba wari ba launi, ashe sinadarin fuliyo ya yi masa yawa, ya zarce miligiram 1,5 a lita da hukumar lafiya ta duniya ta ƙayyade. Aka yi shekaru ana sha. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwa suka lanƙwashe. Awo a labo ne kaɗai ke gano irin wannan, ido ba ya gani.

Ɓangaren da ba mu cika son magana a kansa ba shi ne ruwan da ke fita, na makewayi da kicin da wurin wanka. A nan jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta yi wani abu da ya kamata a sani. Wajen farkon shekarun 2000, malamanta sun yi gwaji da ruwan datti na gidan kwanan ɗalibai. Ba wata babbar na'ura. Tafkuna ne aka gina a jere, ruwan na bi daga wannan zuwa wancan. A na farko dauɗar ta kwanta ƙasa. A na gaba rana da ƙananan halittun cikin ruwa su cinye saura, ƙwayoyin cuta su ragu. Sannan suka sa wani ɗan tsiro mai yawo saman ruwa, kamar kainuwa amma ya fi ta ƙanƙanta, ya tsotse abin da ya rage. Tsiron kuma aka kwashe aka ciyar da karfasa. Mu dai abin da ya burge mu, aikin rana da fili yake so, biyun kuma ba mu rasa su ba. Wahalarsa kulawa ce: in ba a kwashe tsiro da laka kan lokaci, tafkin ya koma gidan sauro.

Wani zai ce ina ruwan Kurni da wannan. Ai mu ya fi shafa. Inda ruwa ke kusa da saman ƙasa kuma ƙasar yashi ce, ramin salga ba ya daɗewa yake gaisawa da rijiya, musamman da damina. Lakwal ɗinmu da likita da kasuwa duk suna tara jama'a wuri ɗaya, irin na jami'a a ƙarami. Mako mai zuwa za mu zagaya da makirfo, mu ga taku nawa ne tsakanin salga da rijiya a kowace makaranta. Wanda ya riga ya auna ta unguwarsu, ya rubuto mana a ƙasa.