Badalar Kano: igwar Turawa da namu hannun

1/ Jama'a, yau zancen badala zan ɗauko. Mu kan ce Turawa ne suka rusa ganuwar Kano. Ni dai ban yarda ba. Ku biyo ni a hankali.

2/ Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ta, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta. Da jar ƙasa aka yi ta, ana yaɓe ta da aikin gayya. Birni mai ganuwa ba ya cinyewa da sauƙi.

3/ Amma kafin Turawa, mu muka fara cin junanmu. Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur. Yusufawa suka ce ba su yarda ba, suka fice Takai. Basasa ke nan. Alu Babba ya shigo Kano da yaƙi a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Raunin bai gama warkewa ba sai ga Nasara.

4/ Ƙarshen Janairun 1903, Kanal Morland ya taso daga Zariya da igwa da bindiga mai ruwa. Galibin sojojinsa baƙar fata ne, har da Hausawa. A hanya suka fasa Bebeji.

5/ Ranar 3 ga Fabrairu suka iso. Sarki Alu yana Sakkwato da manyan mayaƙansa. An fasa ta wajen Ƙofar Kabuga aka shigo. Sarkin Shanu, da aka bar wa tsaron gari, ya tsaya har aka kashe shi.

6/ Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi. Abbas ya dawo da jama'a ta Ƙofar Kansakali, Lugga ya naɗa shi sarki. Alu kuwa a Lakwaja ya rasu, 1926.

7/ To ku lura: igwa kafa ta yi, ba ta kwantar da ganuwa ba. Sauran fa? Wannan ya ɗebi ƙasa ya yi bulo, wancan ya kafa shago, wani ya mai da ita bola, damina ta ƙarasa.

8/ Tun 2007 take jerin jira na UNESCO. Kafin a duba mu, wallahi ina tsoron hoto kaɗai zai rage. In akwai guntun badala a unguwarku, ku ɗauke shi hoto, ku tambayi dattawa sunan ƙofar, ku ajiye mana a ƙasa.