Ƙaddara da zaɓin mutum wajen Kirista: daga Annaba zuwa shekarun bushiya a Habasha

Jama'a, a shirinmu na tarihi na makon jiya wani ɗan kasuwa mai fatauci tsakanin Gadarif da Gallabat ya bugo waya da tambaya. Ya ce abokin cinikinsa ne a Matamma, Kirista Bahabashe, motar kayansa ta kife a hanya, ya ce haka Allah ya so, amma washegari sai ga shi ya sallami direban. Shi ne yake tambaya: su ma Kirista sun yarda da ƙaddara? In sun yarda, laifin direba fa?

To, wannan tambaya ta girmi kakannin kakanninmu, kuma a nan Afirka an yi fafatawa a kanta. Agustin, bishop na garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya rayu daga 354 zuwa 430. Shi a wajensa zunubin Adamu ya gurgunta ɗan Adam, ba ya iya juyowa ga Allah sai alherin Allah ya riga ya jawo shi. Wani malami daga Birtaniya, Pelajiyus, ya ƙi. Ya ce Allah ba zai umarci bawa da abin da ba zai iya ba, don haka kowa na da ikon zaɓar daidai. A 418 taron bishop-bishop a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, ya yi watsi da koyarwar Pelajiyus.

Magana ba ta mutu ba. A 1524 Erasmus ya rubuta littafi yana kare zaɓin mutum, a 1525 Martin Luta ya mayar masa da martani mai zafi. Mabiya Kalbin suka tsaya kan cewa Allah ya riga ya zaɓi waɗanda zai ceta, mabiya Arminiyus suka ce mutum na iya karɓa ko ya ƙi. Wanda ya yi karatun zaure zai tuna da Jabariyya da Ƙadariyya.

Maƙwabtanmu na Habasha kuwa, ikilisiyarsu ta Orthodox ba ta bi Agustin zuwa can ba. Sun fi jingina ga malaman gabas irin su Yohana Kirisostom, wanda suke kira Afe Warƙ, mai bakin zinariya. Koyarwarsu ita ce taimako daga Allah yake, amma ba ya tilasta wa bawa, sai bawa ya miƙo hannu.

An gwada wannan aƙida a kan shanu. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar Musawwa, ashe suna ɗauke da bushiya. Cikin 1888 cutar ta bazu a Habasha. Ana ƙiyasta cewa shanu tara cikin goma sun mutu. Ƙasar da ke huɗa da shanu, in sa ya faɗi gona ta faɗi. Ga fari, ga fara. Yunwa ta kama har 1892, Habashawa na kiran lokacin Kifu Ƙen, wato mugayen kwanaki. Ana cikin haka, a Maris 1889, harsashin Ansar ya sami Sarki Yohannes na Huɗu a Matamma, nan bakin iyakarmu.

Mutane da yawa suka ce fushin Allah ne. Sarki Menelik bai musa ba, ya umarci jama'a su duƙufa da addu'a. Amma kuma ya buɗe rumbunan sarauta ya ciyar da mayunwata, ya ɗauki fartanya da kansa ya shiga gona, don talakawa su ga ba abin kunya ba ne a yi noma da hannu in babu shanu. Kun ji amsar direba ke nan: hukunci na Allah ne, aiki kuma yana wuyan bawa.

Bushiyar nan ba ta tsaya a Habasha ba. Ta ratsa Sudan, wajen 1891 ta isa ƙasar Hausa, ta share garkunan Fulani. Shekara da shekaru makiyayi na ganin ba makawa. Sai aka sami allurar rigakafi, aka bi rugga rugga ana yi wa shanu, har a 2011 aka ba da sanarwar cewa bushiya ta ƙare a duniya.

Yau a Fau da Butana akwai ciwon huhu a shanu, akwai annobar awaki da tumaki. Har yanzu ina jin masu cewa abin da aka rubuta ba ya gogewa, allura ba ta hana ajali. Gaskiya ne ajali na Allah ne. Amma Musulmi da Kirista duk sun san labarin Yusufu a Masar: an nuna masa shekarun yunwa bakwai na tafe, bai naɗe hannu ba, ya tara hatsi.

Saboda haka in masu allura sun iso mashaya, a kora dabbobi a kai musu. A kuma duba birkin mota kafin a kama hanyar Gallabat. Allah ya tsare mana dukiya, ya ba mu zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.