Daskarewar Ruwan Gauraye da Sana'ar Ƙanƙara a Palladan

A lokacin bazara, masu sayar da ƙanƙara da zoɓo mai sanyi a Palladan, kan hanyar Sabon Gari zuwa Samaru, suna dogara ne da 'yan sa'o'in da wutar lantarki take samuwa. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana abin da masana lissafi suka gano game da daskarewa.

Tsabtataccen ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas. Idan an narkar da gishiri ko sukari a cikinsa, sai sanyi ya wuce haka. Ruwan teku yana kamawa a wajen digiri 2 ƙasa da sifiri, mai gishiri sosai kuwa yakan kai digiri 21 ƙasa da sifiri bai daskare ba. Shi ya sa masana'antun ƙanƙara suke tsoma gwangwanayensu cikin ruwan gishiri mai tsananin sanyi.

A 1889 Josef Stefan na ƙasar Ostiriya ya nuna cewa ƙanƙara tana rage saurin kauri yayin da take girma, domin ita kanta tana tare zafin da ke fita. Ninka kaurinta sau biyu yana cin lokaci kusan sau huɗu. A ganinmu, mai fama da ɗaukewar wuta gara ya zuba ruwansa a ƙananan ledoji.

Farfesa Grae Worster na Jami'ar Kambirij a Ingila ya faɗaɗa binciken zuwa ruwan gauraye. Shi da Herbert Huppert sun wallafa sakamakon gwajinsu a 1985. Ruwan ne yake fara daskarewa, ya bar gishiri ko sukari a tsakankanin ƙwayoyin ƙanƙara, abin ya zama kamar soso mai riƙe da ruwa mai kauri. Duk yaron da ya tsotsi daskararren zoɓo ya san haka: zaƙin ke fara fita, a bar shi da farar ƙanƙara salam. Lissafin nan ya shafi ƙanƙarar teku da zubin narkakken ƙarfe ma.

Muna jawo hankalin jami'an duba-gari na ƙaramar hukumar Sabon Gari cewa daskarewa ba ta tsabtace ruwa. Ƙwayoyin cuta da dama suna jure sanyi, su ci gaba da aiki idan ƙanƙara ta narke. Wajibi ne a tafasa ruwan, ko a sa masa kulorin, kafin a zuba shi a leda.