Daga igwar Tanimu zuwa injin walda

An fi tuna Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu da ganuwar Birnin Zinder da yaƙe-yaƙensa, shi da ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884, ban da ɗan gajeren hawansa na farko. Ni kuwa maƙeransa ne suka fi tsaya mini a rai. Masana tarihi suna lissafa masa bindigogi wajen 6,000 da igwa kamar 40. Bindigogin yawanci ta hamada suka zo, a bayan raƙuman fataken Tarabulus, amma igwa a nan gida aka zuba ta, albarushi ma a nan ake haɗa shi. Mirriya, wadda ta girmi sarautar Zinder, kuma tana cikin ƙasashen Sosebaki tare da Wacha da Dungas, a wancan ƙarni ta shiga hannun Damagaram. Ƙarfin da ya rinjaye ta, rabinsa a bakin zugazugi aka yi shi.

A wancan zamani ƙira ilimi biyu ce. Akwai wanda ya san dutsen tama, ya san inda za a haƙo shi, ya gina tanderun yumɓu, ya jera tama da gawayin ƙirya, ya kwana yana lura da wuta har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Akwai kuma wanda zai karɓi wannan dunƙule ya mai da shi hauya, gatari, lauje, mashi ko linzami. Maƙeran baƙi ke nan. Maƙeran fari suna gefe da azurfa da tagulla, suna yi wa mata mundaye, dawaki kuma kayan ado. Duka a gida ake koya, daga uba zuwa ɗa, Sarkin Maƙera yana bisa kansu.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, bayan karon Tirmini, sai dai ba su ne suka kashe tanderun tama ba. Jirgin ƙasa ne, wanda bai taɓa taka ƙasar Nijar ta wannan gefe ba. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, motocin gyaɗa suka biyo baya, kuma duk motar da ta mutu a hanya ta zama ma'adini. Sifirin mota, tsohuwar ganga, guntun ƙarfen dogo, duk sun fi tama sauƙin samu, sun kuma fi ta tauri. Wa zai kwana a bakin tanderu alhali ga ƙarfe a kasuwa? Babu dokar da ta hana narkar da tama, babu ranar da aka yi mata jana'iza. Lokacin da wata mai bincike Bafaranshiya, Nicole Echard, ta ɗauki fim ɗin wannan aiki a Adar cikin shekarun 1960, aikin ya riga ya kama hanyar ƙarewa. Yau a Mirriya ka tambayi ɗan maƙeri yadda ake gane tama, zai dube ka ya yi dariya.

Abin da ya maye gurbin wancan ilimi shi ma ilimi ne, kada a raina shi. Ina da kawu a cikin maƙera, na sha zama a rumfarsa ranar Lahadi, ranar kasuwar garinmu Mirriya. Idan aka kawo masa tarin tsofaffin ƙarafa ba ya tambayar daga wace mota suka fito. Zai ɗaga guda ya buga masa masaba, ya karkata kunne. Wannan na gatari ne, wancan sai dai ƙusar ƙofa. In ya zo tsoma bakin wuƙa a ruwa, launin ƙarfen yake kallo, daga ja jawur har ya fara dusashewa, sannan ya saki awartaki. Na taɓa ce masa, "Kawu, minti nawa kake bari?" Ya ce, "Kai yaro, ido ne, ba agogo ba."

Sauyi na biyu gwamnati ce ta kawo shi da gangan. A shekarun 1970 aka buɗe aikin raya karkara da ake kira Projet 3M, wato Mirriya, Magarya da Matamaye, da kuɗin Tarayyar ƙasashen Turai ta lokacin, ana ba manoma bashin garmar shanu da amalanke ta hannun ƙungiyoyin haɗin gwiwa na UNCC. A Zinder aka kafa masana'antar UCOMA don ƙera waɗannan kaya. Garmar shanu tana da noti da kusoshi masu awo, amalanke tana son gindi madaidaici da ƙafafun mota. Masaba da uwar maƙera ba su isa ba, sai walda, sai ma'auni, sai sanin milimita. Maƙeran da suka karɓi abin sun ci gaba, har amalanken garejin unguwa ta fi ta masana'anta yawa a hanyoyinmu. Amma daga nan ne sana'ar ta fara fita daga gida. Walda ba ta tambayar asalinka. Ɗan mahauci, ɗan malam, duk wanda ubansa ya iya saya masa inji ko ya kai shi gareji, ya zama mai aikin ƙarfe, kuma ba ya gaida Sarkin Maƙera.

Ko cikin rumfar gargajiya abin ya shiga. Zugazugin fatar akuya ya ba da wuri ga fanka da ake juyawa da ƙafar keke, wani wurin ma ta lantarki. Sauƙi ne, ba musu. Sai dai yaron da ke zuga dā ba iska kawai yake bayarwa ba, makaranta yake yi, shekara da shekaru idonsa na kan wuta kafin a yarda ya taɓa masaba. Yanzu wannan kujerar babu kowa a kanta, yaron yana bisa kabu-kabu.

Sabon aikin kuma ya zo da igiya a wuya. Mai walda bawan wuta ne. Da Nijeriya ta yanke lantarkin da take turo wa Nijar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, garejin da ba shi da janareta zaman hira ya koma, mai gawayi kuwa bai fasa ƙera laujensa ba. Ban faɗi haka don a koma baya ba. Matar da ke son ƙofar ƙarfe irin wadda ta gani a WhatsApp ba za ta karɓi lauje a madadinta ba, kuma yaron da ya iya duba hoton nan a waya ya fitar da awonsa shi zai ci kuɗinta.

Sama da wannan akwai wani hawa. Matatar mai ta SORAZ, da aka buɗe arewa da Zinder a 2011, tana tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem. Waldar bututun mai irin wannan sai mai takardar shaida, wanda ya iya karanta zane da Faransanci, aka kuma gwada ɗinkinsa da na'ura. Jikan wanda ya zuba wa Tanimu igwa yana da hannun, ba shi da takardar. Ɗan lekol yana da takardar, sau da yawa hannun ne bai nuna ba. Cibiyoyin koyon sana'a da aka buɗe a garuruwa suna ɗaukar yaran da suka bar makaranta, abu mai kyau, amma a ganina sun yi kuskure da suke kallon tsohon maƙeri a matsayin wanda za a wayar, maimakon wanda za a ba aji ya koyar da sanin ƙarfe.

A lambunan Mirriya yanzu famfon hasken rana ya fara korar injin ban-ruwa mai shan fetur, kamar yadda shi ma ya kori guga. Ƙafafun da ake ɗora faifan hasken rana a kai, mai walda ke yin su. In famfon ya tsaya kuwa, ba shi ake kira ba, sai a nemo wani yaro mai ɗan akwatin gwada lantarki, sau da yawa daga Zinder, a biya shi har da kuɗin mota.