Ina Karatu Yake Zaune a Cikin Ƙwaƙwalwa?

Ya kai mai karatu, idonka ne ke ganin waɗannan baƙaƙe, amma ba shi ke karanta su ba. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne. Ita kuwa sassa gare ta, kowane da nasa aiki: wani na magana, wani na tunawa, wani na tsoro. Idan ciwo ya taɓa sashe ɗaya, aikinsa ne ke lalacewa, sauran su ci gaba.

A shekara ta 1887, wani ɗan kasuwa a birnin Paris na ƙasar Faransa ya kasa karatu farat ɗaya. Ya ɗauka ciwon ido ne, amma da aka gwada shi sai aka tarar yana ganin harafi sarai, har yana kwatanta siffarsa, sunansa ne ya ɓace masa. Abin mamaki, yana iya rubutu da hannunsa ba kuskure, sa'an nan ya kasa karanta abin da ya rubuta. Lambobi kuwa yana gane su. Bayan rasuwarsa a 1892, likita Jules Dejerine ya binciki ƙwaƙwalwarsa, ya samu wurin da ya lalace a ɓangaren hagu, can wajen ƙeya, inda jini ya daina isa.

Ba wanda aka haifa da karatu a wannan sashe, koyo ne ke horar da shi. A shekara ta 2010, masanin Faransa Stanislas Dehaene da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane 63 a Barazil da Fotugal. Daga cikinsu 22 sai da suka girma suka koyi karatu, kuma su ma an ga sashen yana motsawa idan sun dubi rubutu, gwargwadon ƙwarewar kowa. Saboda haka kada ka yarda da mai cewa kan babba ya bushe. Saurin ne ke zuwa a hankali, shi kuma yawan bita ke kawo shi.

Ga abin da za ka kula da shi a gida. Idan wani naka ya kasa karatu ko magana nan take, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Ba hauka ba ne, kuma kada a tsaya hayaƙi da shafe-shafe. A kai shi asibiti a ranar, domin kowace awa tana ƙara ɓarna. Hawan jini shi ne babban sanadinta, sai ka riƙa zuwa awon jini ko da kana jin lafiya.